Koyar da ma'aikatan ɗakin kati sababbin lambobin tiyata: bita a Dutse ko zama a kan folda?

Na Ɗakin Kati:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Ina aiki a ɗakin kati na wani babban asibiti a gabashin Jigawa. Shugabanninmu sun yanke cewa daga yanzu duk aikin da aka yi a tiyata sai an ba shi lamba, kamar yadda ake ba cuta lamba. Dalili biyu ne. Takardun neman biyan kuɗi na masu inshora suna yawan dawo mana, sannan idan aka tambaye mu aikin haihuwa nawa aka yi a wata, sai mun ɗauko rajistar tiyata muna bi da yatsa. An ɗora mini tsara yadda za a horar da yaranmu. Wasu sun ce a yi bita ta kwana uku a Dutse, a ɗauko masani daga Kano, a ba kowa satifiket. Ni hankalina bai kwanta da hakan ba. Yawancin yaran tun da suka bar makaranta ba su sake buɗe ICD-10 ba. Aikinsu yankan kati, jera folda da cike fom na wata-wata. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya sa baki.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a yi nisa, wane tsarin lambobi za ku koyar? Ka ambaci ICD-10, to shi lambar cuta yake bayarwa. B50 maleriya ce mai nau'in falsifarum, A01.0 taifot, D57 sikila, O72 zubar jini bayan haihuwa. Yana gaya maka abin da ya kawo mutum asibiti. Bai gaya maka abin da likita ya yi masa da hannunsa ba. Wannan littafi ne daban.

Na Ɗakin Kati:
Gaskiya ne Baba. A nan ma ba a gama tsayawa ba. A yanzu jadawalin farashin ayyuka na hukumar inshora muke bi, kowane aiki da layinsa. Wani daga cikin likitocinmu ya ce mu ɗauki irin na Amurka kawai tunda ana samunsa a intanet.

Yaya Na Waje:
Salam. Wannan shi ne abincina a nan Amurka, don haka bari in ɗan tsawaita. Tsarin da likitanku yake nufi sunansa ICD-10-PCS. An fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, bayan an ɗage ranar daga 2013 zuwa 2014, aka sake ɗagewa zuwa 2015, saboda asibitoci da likitoci suna cewa ba su shirya ba. Tsohon tsarin lambobinsa ba su wuce kimanin dubu huɗu ba, sabon ya haura dubu saba'in. Kuma na marasa lafiyar da aka kwantar ne kaɗai.

Babu mai haddace shi. Gina lambar ake yi, gurbi bakwai, kowane gurbi da tambayar da yake amsawa. Ɗauki cire afendiks, 0DTJ0ZZ. Sifilin farko yana cewa aikin fiɗa ne. D, sashen ciki da hanji. T, an cire gaɓar gaba ɗayanta. J, afendiks. Sifili na biyu, an buɗe ciki ne da wuƙa. Z biyun ƙarshe, ba a bar wata na'ura a jiki ba, babu kuma ƙarin bayani. Da ta ƙananan ramuka aka shiga da kyamara, sai sifilin nan na biyu ya koma 4. Da wani ɓangare kawai aka yanke na gaɓa, T ɗin sai ya koma B. A sashen fiɗa kaɗai irin waɗannan tushen ayyuka 31 ne, kuma kowanne da ma'anarsa da ba ta canzawa, ko da likita ya kira aikin da wani suna.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, wanda bai san jikin ɗan Adam ba ba zai iya ba, ko bita ta wata guda aka yi masa. Kafin 2015 asibitoci da yawa sai da suka mayar da tsofaffin ma'aikatansu aji suka sake karanta sassan jiki. Sannan suka yi watanni suna ba folda ɗaya lamba biyu, ta tsohon tsari da ta sabo, ana kwatantawa. Duk da haka saurin aiki ya ragu a farko.

Ban ba ku shawarar ɗaukar PCS ba. An gina shi ne don yadda ake biyan asibitoci a nan. Ingila na da nata, OPCS-4. Amma hanyar tunanin tana da amfani a ko'ina.

Baba Mai Ritaya:
Madalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata na ayyuka, ICHI, kuma a kan tambaya uku aka gina shi: a kan me aka yi aikin, me aka yi masa, ta wace hanya. Idan yaro ya iya ciro amsar ukun nan daga rubutun likita, kowane littafi ka miƙa masa zai nemo lamba.

Anti Metiron:
Ku yi mini afuwa in shigo. Duk kuna magana a kan yaran ɗakin kati kamar su ne matsalar. Ku zo ku buɗe folda ku gani. An kawo mace ƙarfe biyun dare daga ƙauye a bayan a-kori-kura, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. An shiga da ita, Allah ya ba da sa'a. Da safe ka duba abin da aka rubuta: an yi CS (wato aikin haihuwa), uwa lafiya, jariri lafiya. Shi ke nan. Me ya sa aka yi? Naƙuda ce ta tsaya, jijjiga ce, ko mabiyiya ce ta tare hanya? Mahaifar ta fashe an ɗinke, ko cire ta aka yi? An ƙara jini, leda nawa? Mu da muke wurin mun sani, amma ba ya cikin takarda. To shi yaron nan da ke zaune a ɗakin kati, daga ina zai samo? Ko farfesa ka ajiye a kujerar, abin da ke rubuce shi zai karanta.

Likitan Karkara:
Anti, ban musa ba, amma a faɗi ɗaya gefen. Likitan da ya yi aikin nan ƙarfe biyun dare shi ne zai zagaya ɗakunan kwanciya da safe, shi ne kuma zai zauna ganin marasa lafiya har la'asar, layi har bakin ƙofa. A asibitocin karkara da yawa haka abin yake. Idan aka ce ya cika shafi biyu bayan kowane aiki, ba zai yiwu ba. Ni abin da nake tsoro shi ne a kawo sabon tsari, nauyinsa ya ƙare a kan mutum ɗaya da nas biyu.

Anti Metiron:
Likita, ba shafi biyu nake nema ba, layi biyar ne. Kuma kada a ce nas ta cike masa. Wanda ya riƙe wuƙa shi ya san abin da ya gani a ciki.

Yaya Na Waje:
Maganar Anti ita ce zuciyar abin. Ga misali da aikin da kuka fi yi bayan na haihuwa, gyaran gwaiwa. A PCS, ta dama 0YQ50ZZ, ta hagu 0YQ60ZZ. Idan an sa raga, ba ma wannan layin ba ne, lambar ta koma 0YU50JZ a ta dama. Likita ya rubuta an gyara gwaiwa ya sa hannu, bai ce dama ko hagu ba, bai ce da raga ko babu ba, to babu lambar da za a bayar da gaskiya. Shi ma CS, 10D00Z1 na yankan ƙasan mahaifa ne, yankan sama lambarsa daban. A nan ba a yarda mai ba da lamba ya yi hasashe ba. Takardar tambaya yake tura wa likita, amsar ta shiga folda.

Likitan Karkara:
To ga abin da zan iya karɓa. A buga takarda shafi ɗaya ta bayanin aiki, a ajiye a tiyata kusa da rajista. Sunan aiki, dalili, gaɓa da gefe, hanyar shiga, abin da aka gani, abin da aka bari a jiki, jinin da aka ƙara. Wasu guraben alama kawai za a yi. Minti uku ya isa. Amma da likitoci za a zauna a tsara ta, kada a tsara a ofis a aiko mana.

Baba Mai Ritaya:
Na yarda da takardar, amma ina da sharaɗi. Gurbin abin da aka gani a bar shi fili, a rubuta da hannu. Na daɗe a aikin nan, na ga yadda fom mai akwatuna yake ƙarewa. Mutum ya gaji, sai ya bi akwatin farko yana yi masa alama daga sama har ƙasa, folda ɗari su fito kamar an yi musu hoto.

Sannan ɗana Na Ɗakin Kati, ka koya musu ladabin littafi tun ranar farko. ICD-10 juzu'i uku ne: jerin lambobi, littafin ƙa'idoji, da fihirisa. Ana nema a fihirisa, a tabbatar a jerin lambobi, a karanta abin da aka ce ya shiga da abin da aka ce bai shiga ba. Yaran yanzu suna buga kalma a waya, lambar da ta fara fitowa ita ce. Shi ya sa za ka ga asibiti guda duk maleriyarsa B54 ce, wadda ba a fayyace ba, alhali sakamakon gwaji yana manne a bayan katin. Wanda ya saba da haka a lambar cuta, haka zai yi a lambar aiki.

Mai Inshora:
Salam. Ina aikin duba takardun neman biya, bari in faɗi abin da muke gani daga namu gefen. A ƙaramin asibiti kuɗin kowane mai rajista ake biya wata-wata, ya zo ko bai zo ba. A babban asibiti kuwa aiki da aiki ake biya, kuma sai an nemi lambar izini. Tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a 2022 inshorar lafiya ta zama wajibi a doka, ga hukumomin inshora na jihohi, KSCHMA a Kano da JICHMA a Jigawa, ga kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta 2014 ta ware, aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Takardun za su ƙaru ne, ba za su ragu ba.

Yawancin waɗanda muke mayarwa ba don ha'inci ba ne. Cuta da aiki ne ba su dace ba. An rubuta maleriya a gurbin cuta, an rubuta wankin ciki a gurbin aiki, ba a ambaci ɓari ba. Ko ranar aiki ta riga ranar kwantarwa. Don haka ku koyar da biyun tare, kada ku raba.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa yaran ƙarara. Ranar da suka gane cewa wata lamba ta fi wata kuɗi, za a samu mai raɗa musu su ɗaga ta. Su sani wannan cin amana ne, kuma folda tana nan, ana iya zuwa a buɗe.

Na Ɗakin Kati:
Yallaɓai, wannan ta ƙarshen tana damuna. Yaro ƙarami ba zai iya ce wa na sama da shi a'a ba.

Mai Inshora:
Shi ya sa ƙa'idar za ta fito a rubuce daga shugaban asibiti: ba a ba da lambar abin da ba ya cikin folda. Yaro ya samu takardar da zai nuna.

'Yar Jahun:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ƙarama ce a aikin, ban daɗe da gama makaranta ba. Ina goyon bayan a yi horon a cikin asibiti, saboda wani dalili da ba a faɗa ba. Idan bita ta fita gari, sunan manya ake turawa domin akwai alawus, mu da muke zaune a kan folda kullum ba ma zuwa. In sun dawo a ce za su koya mana, sai aiki ya sha kansu. Bayan 'yan watanni a yi wa wanda ya je canjin wurin aiki, ilimin ya bi shi. Ga matan aure da masu shayarwa, kwana uku a wani gari ba ƙaramin abu ba ne. Amma in a ɗakinmu ne, awa biyu bayan layi ya ragu, kowa zai zauna.

Kuma Baba, a yi mana adalci kaɗan. An koya mana sassan jiki da kalmomin likitanci a makaranta. Rashin amfani da su ne ya sa suka dushe. Idan aka tura ka yankan kati shekara uku, ba wanda ya taɓa tambayarka lamba, dole ka manta.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, kin yi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Akwai makarantar koyon wannan aiki a Asibitin Malam Aminu Kano, ga kwalejin kiwon lafiya ta Jahun, ga hukumar rajistarmu HRORBN tun 1989. Masu ilimin muna da su. A kujerar da ba tasu ba ake ajiye su.

Ɗan Rano:
Ni ban yarda a soke bitar gaba ɗaya ba. Ina harhaɗa alƙaluman ƙaramar hukuma a DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, kuma babban ciwon kaina shi ne kowane asibiti da fahimtarsa. Idan asibitinku ya koyi abu shi kaɗai a ɗakinsa, na maƙwabta ya koyi nasa, Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 ko Kano mai 44 za ta tashi da fassara iri-iri, lissafin jiha ba zai haɗu ba. Amfanin taro shi ne a ji magana ɗaya daga baki ɗaya. A yi kwana ɗaya ko biyu a daidaita ƙa'idoji, sauran a yi a gida.

Sannan ku tuna ICD-11, sabon bugun da ya gaji ICD-10, ya fara aiki a duniya tun 1 ga Janairu 2022, bayan an amince da shi a 2019, kuma don kwamfuta aka gina shi. Maleriyar B50 ta koma 1F40, taifot 1A07, zubar jini bayan haihuwa JA43, gefen dama da na hagu ma suna da lambobin ƙari. Kada ku ɓata lokaci kuna sa yara haddar lambobi. Duk ranar da aka ce a koma sabon, haddar ta tashi a banza.

'Yar Jahun:
Yaya, kwamfutar fa? Wutarmu sai an tada janareta, shi ma don tiyata da ɗakin gwaji ake tadawa.

Ɗan Rano:
Ana iya girka ICD-11 a kwamfutar asibiti ya yi aiki ba tare da intanet ba, amma wuta kam sai an samo, ko ƙaramar sola ce. Kafin nan ku ciro ayyukan da kuka fi yi daga rajistar tiyata ta shekarar da ta wuce. Za ku tarar ba su da yawa: CS, gwaiwa, afendiks, wankin ciki, hujewar hanji ta taifot, yanke ƙari, ɗinkin rauni, fasa ƙurji. Ku buga su a takarda da tambayoyin da kowanne ke buƙata, ku manna a bango.

Anti Metiron:
Ƙara da yoyon fitsari a jerin, ko da ba ku gyarawa. Mata da yawa daga yankin nan Jahun ake tura su, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aikin tun 2008. Idan aka rubuta dalilin CS daidai, a ƙarshen shekara za a ga mata nawa ne suka zo da naƙudar da ta tsaya, daga waɗanne ƙauyuka, sai a san inda za a kai ungozoma da motar ɗaukar masu haihuwa. Ni abin da ya sa nake ta magana ke nan, ba kuɗin inshora ba. Haka lokacin mashaƙo a Kano a 2023, inda aka rubuta sunan cutar daidai a nan aka san unguwar da za a kai rigakafi.

Yaya Na Waje:
Idan kuna so, zan riƙa duba muku wasu folda daga nan a ƙarshen mako. Ku ɗauki hoto ku turo ta WhatsApp.

Baba Mai Ritaya:
A'a ɗana, niyyarka mai kyau ce amma kada a yi haka. Folda sirrin mutum ce. A ƙauye ko an rufe suna, shekaru da sunan gari da ranar aiki sun isa a gane matar wane ce. Dokar lafiya ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya ba da izini ba, ga dokar kare bayanai ta 2023. In ana son taimakonka, a kwafe bayanin aikin kaɗai a wata takarda, ba suna, ba gari, ba kwanan wata, ba lambar kati, kuma da sanin shugaban asibiti.

Yaya Na Waje:
Haka za a yi Baba. Bayanin aikin kaɗai ya ishe ni.

Likitan Karkara:
Abu ɗaya ya rage. Takardar tambayar nan da za a riƙa turo wa likita, a san yadda za a kawo ta. In yaro ya tare ni a gaban marasa lafiya yana cewa rubutuna bai cika ba, ba za a ji daɗi ba. A ware lokaci, ko ranar Alhamis bayan zagaye, a kawo folda duka a zauna. Kuma ina ba da shawarar a bar ma'aikatan kati su shiga tiyata su ga aiki ko sau ɗaya ne, da izinin mara lafiya. Wanda ya ga yadda ake sa raga ba zai sake ruɗa ta da ɗinki ba.

Ɗan Rano:
Ku kuma sa ma'auni, in ba haka ba ba za ku san ko horon ya ci ba. Duk wata a zaro folda ashirin ba tare da zaɓe ba, mutum biyu su ba su lamba kowa shi kaɗai, a ga inda suka saɓa. A ƙirga nawa ne bayaninsu bai cika ba, a ƙirga takardun inshora nawa suka dawo.

Na Ɗakin Kati:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan kai wa shugabanni ranar Litinin. Za mu fara da takardar bayanin aiki, likitoci da Metiron ɗinmu su tsara ta da kansu. Kuɗin otal a karkatar da shi zuwa kawo malami nan asibitin, ya riƙa zuwa ana zama a kan tsofaffin foldarmu, da maimaita sassan jiki tukuna. Taron kwana ɗaya da asibitocin maƙwabta zan nema ta hannun jami'in alƙaluma na ƙaramar hukuma, kamar yadda Ɗan Rano ya ce. Kan wane littafin lambobi za a tsaya, zan roƙi a rubuta wa ma'aikatar lafiya da hukumar inshora a ji nasu kafin mu buga komai. Baba, in lafiya ta bari, za ka iya zuwa zaman farko?

Baba Mai Ritaya:
In sha Allahu zan zo. Ka ware mini folda talatin na tiyata, ka haɗa da waɗanda inshora ta mayar, kuma a gaya wa likita ɗaya ya zauna da mu.